Ta'aziyyar da Muka Je Manchester

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan ɗauki biro da hantsi, idan yara sun fita gida ya yi tsit, in rubuta layi biyu ko uku, sai in ji kamar wani yana leƙe ta kafaɗata. In yayyaga takardar in zuba a shara, in kuma koma in tsince guntayen in jiƙa su da ruwa don kada wani ya harhaɗa ya karanta. Maigidana yakan ce ni da tsoro uwa ɗaya uba ɗaya muke, ban kuma taɓa musa masa ba. Abin da ya hana ni duk shekarun nan shi ne gudun kada rubutuna ya tona asirin wadda nake so asirinta ya rufu. Saboda haka ba zan ambaci sunan kowa ba. Ita wadda labarin yake a kanta zan kira ta 'yar Kumasi, domin can ne garinsu.

A lokacin da ake ta maganar bankuna suna durƙushewa, kowa yana tsoron a sallame shi daga aiki, muna zaune a unguwar Lozells ta birnin Birmingham, ni da maigidana da yaranmu. Shi yana tuƙa tasi, ni kuma ina aikin shara a wata makaranta a unguwar Aston da ke kusa da mu da sassafe. Wata rana na je wajen likitan unguwa a duba mini hawan jini. Ina zaune a ɗakin jira sai wata mata ta zauna kusa da ni, hannunta na hagu naɗe da bandeji daga wuyan hannu har gwiwa. Tare take da wata Baturiya mai kati rataye a wuya. Wani yaro da ke guje-guje ya bangaji hannun, sai na ji ta ce a hankali, "Wayyo Allah, hannuna."

Hausa ce tsantsa, amma ban tanka ba. Na dubi katin da ke wuyan Baturiyar, na ce a raina wannan ko dai ma'aikaciyar shige da fice ce, ko kuma ta council, wato hukumar gari, masu karɓe wa mutane yara. Takarduna duk cikakku ne, amma hakan bai taɓa hana gabana faɗuwa ba. Sai da Baturiyar ta tashi zuwa wajen mai karɓar baƙi, sannan na sunkuyar da kai kamar ina gyara takalmi na ce, "Sannu, baiwar Allah."

Ta juyo da sauri, idonta ya cika da hawaye. Ta ce, "Anti, ke Bahaushiya ce? Don Allah ki ƙara yi mini magana, ko me ne ne."

Tun daga ranar Anti take ce mini, ko da yake ban girme ta da wani abin kirki ba. Na ba ta lambar wayata. Kafin in iso gida na riga na yi nadama, na kwana biyu ina jiran wanda zai buga mini ƙofa.

Ita ce ta zo, ba wani ba. Ta fara zuwa sau ɗaya a mako, daga baya kusan kullum da rana. Labarinta kuwa ban same shi a zama ɗaya ba, a hankali ya riƙa fitowa, yawanci muna tsaye a kicin tana nuna mini yadda ake wake da shinkafa irin nasu da karan dafi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana sayar da abinci a bakin tashar mota a Zango, unguwar Hausawa ta Kumasi. Wata Hajiya 'yar unguwarsu, wadda ta daɗe a Manchester tana kwangilar girkin biki da suna, ta je gida ta ce tana neman mai taya ta aiki. Aka yi murna, aka ce arziki ya zo har gida. Tun a filin jirgi Hajiyar ta karɓe mata fasfo, wai za ta adana mata. Daga nan ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma sake taka bakin titi ita kaɗai ba. A kicin take kwana, tsakanin buhunan shinkafa. Idan Hajiya za ta fita sai ta kulle ƙofa ta waje. Ban da girki, ita ke jinyar mahaifiyar Hajiya, tsohuwa da ƙafafu suka daina ɗaukarta: ita ke yi mata wanka, ta kai ta bayan gida, ta shafa mata man zafi.

Ranar da abin ya faru, naman wani biki ne ya kama a tukunya. Hajiya ta shigo cikin fushi, ta ɗauki kaskon man da ake suya da shi ta watsa mata. Sannan ta shafa mata man goge haƙori a kan ƙunar, ta kulle gida ta tafi kai abinci. Aka kwana, aka kuma, hannu ya kumbura ya fara wari. Tsohuwar nan ce, daga kan gadonta, ta ɗauki sandarta ta yi ta dukan bangon da ke tsakaninsu da maƙwabta, ba ta fasa ba har suka gaji suka kira 'yan sanda. Haka aka ɓalle ƙofa aka fito da ita zuwa asibiti.

'Yan sanda suka ce mata abin da aka yi mata babban laifi ne a ƙasar nan. Suka ce idan ta yarda ta ba da shaida a kotu, za su roƙi ofishin shige da fice ya ba ta izinin zama na wucin gadi muddin ana shari'a, kuma idan komai ya tafi daidai ana iya duba yiwuwar sabunta mata. Suka ɗauke ta daga Manchester suka kawo ta Birmingham, wani gida da ake ɓoye mata irinta. Baturiyar da na gani mai kula da su ce a gidan. Sharaɗi ɗaya suka yi ta nanata mata ta bakin tafinta: kada ta kusanci Hajiya, ko gidanta, ko mutanenta, kada ma ta amsa wayarsu. Zamanta a ƙasar nan gaba ɗaya a kan shari'ar nan yake rataye. A Kumasi kuwa dangin Hajiya masu faɗa a ji ne a Zango, har sun fara aika wa mahaifiyarta da maganganu, don haka komawa gida ba abu ne da take iya tunaninsa ba.

Ni dai ban yarda da tsarin ba. Na gaya wa maigidana, ya ce, "Maman yara, waɗannan mutanen tsotse ta za su yi kamar lemo su yar da ɓawon. Ke dai ki yi a hankali, kada ki jawo mana." Ita kanta ban gama yarda da ita ba a farko. Ta san gidana, ta san lokacin da maigidana yake fita da dawowa, amma ni ban san inda take kwana ba, domin an hana su faɗa. Iyakata in raka ta bakin titi ta hau bas. Wata rana har na tsaya ina lura da lambar bas ɗin, sai kunya ta kama ni na juya. Wanda ke zama da 'yan sanda yana ba su labari, me zai hana wata rana su tambaye shi labarin wasu? Akwai mutanenmu da yawa a unguwar da bizarsu ta ƙare. Idan suka zo gaishe ni suka tarar da ita, sai in yi ta jan hira zuwa maganar sanyi da tsadar gas.

'Yar sandar da ke riƙe da maganarta, wata doguwa mai jan gashi, ta taɓa zuwa gidana sau ɗaya, domin 'yar Kumasi ta ce ta fi sakewa a can. Kafin ta iso na fito da fasfo ɗina da na maigida da na yara, da takardun haya da na council, na jera su a kan tebur. Ta dube su ta yi dariya, ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba, ta karɓi shayi da hannun dama. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na shiga tunanin waye ya koya mata, kuma gidajen mutanenmu nawa ta shiga har ta iya. Kafin ta tafi ta sake maimaita sharaɗin, ta ɗaga yatsa ta ce, "No contact," wato ba haɗuwa ba magana, ta dube ni ni ma. Na gyaɗa kai har wuyana ya yi ciwo.

Magana ba ta ɓuya a cikinmu. Ba a jima ba matan Zango na Aston da Lozells suka ji cewa wadda ta kai Hajiyar Manchester wajen hukuma tana zuwa gidana. Wasu suka ce Allah ya saka mata. Wasu suka ce don takarda ta ƙona kanta, wai yanzu ita ce sabuwar hanya. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Magajiya, dattijuwa ce mai jiki da murya, ita ke tara mata idan an yi haihuwa ko rasuwa. Ba ta saba zuwa gidana ba, tunda ni Bakanuwa ce ba ta cikinsu ba, amma sai ga ta da kwanon tuwo da miyar ayoyo.

Ta ce, "Bakanuwa, kin ɓoye mana 'yarmu, ko? A ina take kwana ne, mu kai mata ko da zani?"

Na ce, "Wallahi, Hajiya Magajiya, ban sani ba."

Na gode wa Allah da ban sani ɗin ba, domin ni ƙarya ba ta zama a bakina, fuskata take tona ni. Bayan ta tafi na daɗe ina kallon tuwon. A ƙarshe dai muka ci, ba abin da ya same mu.

Ana cikin haka, shari'a tana ta ɗagewa, wata ranar Laraba 'yar Kumasi tana gidana muna tsinke alayyafo sai aka yi sallama. Magajiya ce, da baƙin mayafi. Har yau ban san yadda aka yi ta san tana nan a wannan lokacin ba. Ta zauna, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "'Yata, sai haƙuri. Tsohuwa ta rasu. An riga an yi jana'iza. Waɗanda suke wajen sun ce har ta cika sunanki take kira."

'Yar Kumasi ta zube a ƙasan kicin tana kuka irin wanda ban taɓa ji ta yi ba, ko lokacin da take ba ni labarin ƙunar. Magajiya ta bari sai da ta lafa, sannan ta ce ranar Lahadi za a yi sadakar bakwai, mata sun yi hayar ƙaramar bas zuwa Manchester, akwai wuri.

Na ce, "Hajiya Magajiya, an hana ta. Hukuma ta hana ta."

Ta ce, "Hukuma ta hana gaisuwar mutuwa? To, ni dai na isar. Faɗa daban, mutuwa daban. Mu haka muka tashi muka gani."

Da ta fita na zauna da 'yar Kumasi na yi mata magana iya iyawata. Na sa maigidana ya tambayi malamin masallacinsu, malam ya ce addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina, ba dole sai an taka ba, musamman idan akwai cutarwa. Na kawo mata wannan amsa kamar na samo magani.

Ta ce, "Anti, na san addu'a tana isa. Amma matar nan ita ta buga bango. Da ba ta buga ba, da yanzu ni ake yi wa sadaka, ko ma ba wanda zai yi. 'Yar cikinta ta tona wa asiri saboda ni. In ji ta mutu in zauna ina tsinke ganye? Kuma idan labari ya je Kumasi cewa ban taka ba, da wane ido uwata za ta fita Zango?"

Na ce to ta kira mai jan gashi ta nemi izini. Ta ce, "Cewa za ta yi a'a. Idan ta ce a'a na je, laifin ya zama biyu."

Na ga ba za ta fasa ba, sai na ce zan bi ta. Muka yi yarjejeniya: za mu shiga, mu yi wa mata gaisuwa, a shafa fatiha, mu fito mu jira a mota. Ba za ta yi wa Hajiya magana ba, ba za ta ci komai ba, ba za ta rabu da gefena ba. Na sa ta maimaita sau da yawa har ta ce, "Anti, kin fi 'yar sandar ma."

Ranar Lahadi da safe muka hau mota a Aston. Matan suna ta hira kamar ba gidan mutuwa za mu ba. Wata ta miƙo mini ƙosai da yaji irin nasu, na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Ku Kanawa ba ku iya cin yaji ba, sai iya ciniki."

Wata daga baya ta ce, "Bar ta, tsoro take ji kada mu sa mata wani abu ta koma 'yar Ghana."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma ina lura da su ɗaya bayan ɗaya. Na ga Magajiya ta amsa waya a hanya, ta kare bakinta da hannu, ta ce, "E, muna tafe, duka." Wannan kalma ta "duka" ta tsaya mini a rai har muka shiga Manchester. 'Yar Kumasi kuwa tana jikin taga tana jan carbi.

Ana yayyafi muka isa. Gidan cike yake, maza a falon gaba da malamai, mata a ɗakin baya har kan matakala. Daga inda muka zauna ana hango kicin. Na ga 'yar Kumasi ta kalli wajen sau ɗaya ta kawar da kai. Akwai wani mutum mai kyamarar bidiyo a kafaɗa yana ratsa mutane. Na tambayi ta kusa da ni, ta ce ai dole ne, za a aika da faifan gida don dangi su ga an yi wa tsohuwa sadaka yadda ya kamata. Na ja mayafina na rufe rabin fuska, na ce wa 'yar Kumasi ta yi haka ita ma.

Ba mu gama gaisawa da mata ba sai ga Hajiya ta fito. Na zaci zan ga wata ƙatuwa mai ban tsoro, sai na ga 'yar ƙaramar mace, idanu sun kumbura. Tana ganin 'yar Kumasi ta kurma ihu, ta tsallake ƙafafun mutane ta faɗa jikinta, tana cewa, "Mma ta tafi! Wadda kike wa wanka ta tafi ta bar mu!" Na yi ƙoƙarin shiga tsakaninsu, amma ina, mata sun riga sun kewaye su suna "Allahu Akbar, shaiɗan ya ji kunya." 'Yar Kumasi ba ta rungume ta ba da farko, hannuwanta suna sake. Daga baya kuka ya ci ƙarfinta ta dafa mata baya. Na ɗaga ido na ga jar fitilar kyamarar tana kallonmu.

Na ce mu tashi. Magajiya ta riƙe mini zani ta ce, "Haba Bakanuwa, ba a shafa fatiha ba." Muka zauna. Aka shafa. Na sake cewa mu tashi, sai aka fara fito da abinci, Magajiya da kanta ta ɗora wa 'yar Kumasi faranti a cinya ta ce, "Ba a ƙin abincin sadaka, ladan na mamaciya ne." 'Yar Kumasi ta ɗan tsakura.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban yi tanadinsa ba sam, duk da kwanakin da na yi ina lissafa abin da zai iya faruwa. Baƙi sun yi yawa, 'yan matan da ke kicin sun rikice, maza suna jira, wata tana ihu ina babban ludayi, ina farantan roba. Ba wanda ya san inda kaya suke a kicin ɗin nan kamar 'yar Kumasi. Kuma a wajenmu, ko a Kano ko a Kumasi, mace mai lafiya ba ta zama a gidan mutuwa tana kallon aiki yana lalacewa. Kafin in ankara ta miƙe, ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta shige. Ta buɗe durowar ƙasa ta fito da ludayin, ta hau kujera ta sauko da farantai, ta fara zuba shinkafa tana ba 'yan mata umarni. Na bi ta na kama hannunta mai lafiya na ce, "'Yar'uwa, kin manta alkawarinmu?"

Ta ce, "Anti, sake ni. Aikin Mma ne na ƙarshe. Ba don waccan nake yi ba."

Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina ƙoƙarin kare ta da jikina, amma ni ba ni da faɗi. Mai kyamara ya ce, "Hajiya, ɗan matsa." Wata yarinya ta zame ta kusa kifar da kwano, kowa ya yi dariya, 'yar Kumasi ma ta yi. Wannan ma ya ɗauka.

A hanyar dawowa matan suna ta yaba mata, wai ta nuna ita 'yar halak ce. Ta yi barci a kafaɗata, barcin da ta ce ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ni kuwa ina ta tunanin kyamarar nan har Birmingham.

An ɗan kwana biyu shiru, har na fara cewa ko tsorona ne kawai irin na kullum. Sai wata rana 'yar Kumasi tana wajena, mai jan gashi ta zo gidana da tafinta, fuskarta ba walwala. Ta ce lauyan Hajiya ya miƙa wani faifai. Ta ce a ciki an ga matar da ta ce an kulle ta an azabtar da ita ta koma gidan da ƙafarta, ta rungumi wadda take ƙara, ta ci abincinta, ta shiga kicin ɗin tana aiki tana dariya kamar 'yar gida. Lauyan yana cewa dama 'yar'uwa ce da ke taimakawa da son ranta, ƙunar kuma tsautsayin girki ne, sauran duk ƙage ne don neman takarda. Tsohuwar da za ta iya faɗin gaskiya kuma tana kabari.

Ban jira tafinta ba, na shiga bayani da guntun Turancina. Na ce mutuwa ce, na ce a wajenmu ko maƙiyinka ne ya yi rashi sai ka je, na ce aikin ba na Hajiya ba ne, na mamaciya ne. Kalmomi suka ƙare mini, na koma Hausa, tafinta yana bina a baya. Ta saurara har na gama. Ta ce ita ta fahimta, kuma ta yarda da 'yar Kumasi tun ranar farko, amma ba ita za ta yanke hukunci ba, mutanen gari ne za a zaunar a kotu su kalli faifan su yanke. Ta juya ta ce da 'yar Kumasi, "Me ya sa ba ki kira ni ba?" 'Yar Kumasi ta sunkuyar da kai. Na lura idon 'yar sandar ya yi ja. Ko na tausayi ne, ko na haushin aikinta da ya lalace, ban sani ba.

Daga baya masu gabatar da ƙara suka ce hujjar ba ta kai a ci gaba ba, aka janye shari'ar. Da shari'a ta faɗi, dalilin da 'yan sanda ke nema mata izinin zama da shi ya faɗi. Lauyar da ke tsaya mata kan maganar takarda ta ce akwai wata hanyar da za a gwada, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Izinin ya ƙare, aka ce ta riƙa zuwa wani ofishi tana sa hannu. Na raka ta wasu lokuta, amma ban taɓa shiga ba, a wajen jiran bas nake tsayawa ina kallon ƙofa, domin an ce akwai waɗanda suke shiga ba sa fitowa ta nan.

Na haɗu da Magajiya a shagon nama a Lozells. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce, "Hajiya Magajiya, wa ya kira mai bidiyon nan?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke Bakanuwa, kin taɓa ganin sadakarmu ba bidiyo? Ki ji tsoron Allah, zato zunubi ne."

Gaskiya ta faɗa, ban taɓa gani ba. Na je sadakoki da yawa bayan nan, kowanne da mai kyamararsa, kowanne mata suna shiga kicin ba a kira su ba. Wani lokaci in ce tarko aka ɗana tun daga ranar da aka kawo mini tuwo. Wani lokaci in ce dattijuwar nan abin da ta gada kawai ta yi, lauya ne ya tsinci dami a kala. Na yi istigfari a kan zargin nan ba adadi, amma bai bar ni ba. Har yau muna gaisawa da ita, ina kuma karanta fuskarta ban ga komai ba.

Zuwan 'yar Kumasi na ƙarshe ba shi da wata alama. Ta taya ni ninke wanki, ta yi wa 'yata kitso, muka yi la'asar tare, na raka ta ta hau bas. Da mako ya zagayo ba ta zo ba, na kira wayarta na ji a kashe. Na nemi Baturiyar gidansu, ta ce ta bar wajensu, kuma doka ba ta ba ta damar ƙara mini komai ba. Mai jan gashi an canza mata wajen aiki. Lauyar ta ce ba za ta iya tattauna maganar wani da ni ba. Cikin mata kuwa, wata ta ce an kama ta a wajen sa hannu an sa ta a jirgi. Wata ta rantse ta hango ta a wata kasuwa a Landan tana tura keken jaririn wasu, ta kira ta ta ƙi juyowa. Na taɓa ba wani mai zuwa Kumasi saƙo ya bincika mini, ya dawo ya ce mahaifiyarta ta tashi daga unguwar, maƙwabta kuma da ya yi tambaya sai suka fara tambayarsa shi waye ya aiko shi.

Don haka nake roƙon masu karatu, musamman mutanen Zango na Kumasi da na Ingila. Idan akwai wanda ya gane wannan mata daga labarin nan, ya aiko da saƙo ta hannun waɗanda suka buga rubutun, za su isar mini. Kada a rubuta sunanta, kada a faɗi unguwa ko gari. Idan ɓoye take, ni ma kada a gaya mini inda take. Ina so in sani ne kawai ko tana raye, ko ta sake ganin 'ya'yanta. Idan kuma cikinku akwai masanin dokar ƙasar nan, ya taimaka ya bayyana mini ko wadda shari'arta ta rushe ta wannan hanya tana da wata ƙofa da za ta iya bugawa yanzu, ya rubuta da Hausa mai sauƙi yadda zan gane, in ajiye ko Allah zai sa ta neme ni.